Inji Ya Shiga Gona, Ina Ɗan Ƙwadago Zai Nufa?

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙauyukan kudancin Katsina shekara arba'in da suka wuce ya san cewa turmi ne agogon gari. Da an sallame sallar asuba taɓarya za ta fara amsawa daga wannan gida zuwa wancan, mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya suna lugude har rana ta ɗaga. Yau a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ƙugin injin niƙa ne ke tashin mai barcin safe, ga 'yan mata a layi, kowace da kwanon masara a ka. Turmin yana nan a tsakar gida, sai dai aikinsa ya koma dakan yaji da kirɓa fura.

Ga matar gida wannan sauƙi ne babba, kuma duk wanda ya taɓa ganin kantar da taɓarya ke bari a tafin hannu ba zai yi fatan a koma baya ba. Amma akwai wata mace da ba a cika tunawa da ita ba, wato mai dakau. Bazawara ce ko tsohuwar da ba ta da mai ɗauke mata nauyi, tana bin gidajen masu hali tana surfe da daka, a sallame ta da 'yan kuɗi, a haɗa mata da dusa da tsaki. Da inji ya zo, kuɗin dakan suka koma aljihun mai inji, shi kuwa mai inji kusan kullum namiji ne. Ba a kira taro a kan asarar da ta yi ba, ba a kuma rubuta ta a jarida ba.

A 'yan shekarun nan duniya ta cika da muhawara a kan abin da zai faru idan na'ura ta karɓe aikin ɗan Adam. A 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, suka yi ƙiyasin cewa kashi 47 cikin ɗari na ayyukan da ake yi a Amurka suna cikin haɗarin komawa hannun na'ura. Da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, fargabar ta tashi daga masana'antu ta shiga ofisoshi, domin ga abin da ke rubuta wasiƙa, ya yi fassara, ya yi lissafi, ba ya kuma jiran albashi. Mai karatu a Sheme ko Daudawa zai iya cewa wannan damuwar ma'aikatan birni ce, tunda ba a ga mutum-mutumi yana huɗa a Faskari ba. To amma tambayar da ake yi a can ita ce wadda mai dakau ta riga ta sha ɗacinta: idan aikin ya tafi, da me mai aikin zai ci tuwo?

Wannan ƙasa ta daɗe da sanin baƙon kayan aiki, kuma auduga ce ta fara jawo su. Turawan mulkin mallaka suna neman abin da za su ciyar da masaƙun Ingila da shi, don haka aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, layin dogo kuma ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Gurza da kaɗi a da aikin mata ne a cikin ɗaki, da magurji da mazari, kuma da kuɗin zare uwa kan yi wa 'yarta kayan ɗaki. Sannu a hankali wannan sana'a ta mutu. A daidai wannan zamani ne aka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu.

Abin lura shi ne garmar shanu ba ta kori ɗan ƙwadago ba. Ta ba manomi damar faɗaɗa gona, gona mai faɗi kuwa tana buƙatar ƙarin hannu wajen noma da girbi. Haka aka sake gani bayan 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe, kuma Ƙanƙara da Faskari suna cikin gundumomin da ya shafa. Shirin ya kawo takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri da hanyoyin karkara. Masara, wadda a da ake ɗan shukawa a bayan gida don gasawa, ta zama amfanin gona na sayarwa, har kasuwar Ɗandume ta yi suna a faɗin ƙasar nan. Duk damina sai 'yan ƙwadago su kwararo daga arewacin Katsina da Daura har da Nijar, kowa da fartanyarsa a kafaɗa.

Ƙwadago kuwa ya fi ƙarfin a kira shi aikin baƙi. Shi ne gadar da ƙaramin manomi ke takawa ya tsallake watan Yuli da na Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Ya yi noma a gonar wani da safe, ya karɓi na cefane, da yamma ya lallaɓa tasa gonar. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa a 1967, ta nuna yadda talauci kan hana wasu magidanta noma gonakinsu yadda ya kamata, domin dole su fara neman abin da za a ci a ranar. Rayuwa ce mai wuya, amma tana riƙe da gidaje masu yawa.

Abin da ya fi cinye wannan ƙwadago bai ma yi kama da inji ba. Wata 'yar tanki ce ta roba da ake goyawa a baya, famfo a hannu ɗaya, sandar feshi a ɗayan. Noman firi da maimai su ne suka fi cin mutane a duk aikin damina, su ne ake kiran gayya dominsu, a dama fura a kai gona, makaɗi yana zuga samari. Yanzu saurayi guda da injin feshi da 'yan kwalaben maganin ciyawa kan gama a yini ɗaya ko biyu abin da a da sai an tara majiya ƙarfi. Manomin da ya zaɓi feshi bai yi laifi ba. Lissafi ya yi, ya ga kuɗin magani da na mai feshi ba su kai kuɗin leburori da abincinsu ba, ga shi kuma ba zai yi ta jiran layi a lokacin da kowa ke neman masu noma ba. Sai dai kowace kwalba da aka zuba a tanki kwanakin aikin wani ne suka tafi, kuma mai wannan kwanakin ba ya cikin lissafin.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Ciyawar da magani ke ƙonewa ba duka ce ciyawar banza ba. A cikinta akwai tafasa da lalo da gasaya, ganyayen da mata ke tsinka su yi kwaɗo ko miya a kwanakin da hatsi ya yi tsada. Maganin da ya dace da masara kuma sau da yawa ba ya barin wake ko kuɓewa ko kabewa su rayu a tsakanin kunya, don haka tsohuwar dabarar haɗa shuka tana ja da baya. Ga kuma lafiyar mai feshin kansa. Ana ganin yara matasa suna feshi ba takalmi ba takunkumi, iska tana maido musu da maganin a fuska, alhali wasu daga cikin irin waɗannan magunguna, kamar paraquat, Tarayyar Turai ta hana amfani da su tun 2007.

Da kaka ta yi, sai injin casa ya karɓi fage. A da mata ne ke sussuka da sheƙa, a biya su da tiya, su kwashi totuwa su yi makamashi, marasa gona kuma su bi bayan masu girbi suna kala. Yanzu ana ɗora injin a amalanke ko a bayan mota a kai shi har gona, a biya mai shi a kan kowane buhu. Nan ma an samu sababbin ayyuka: mai tada inji, masu zuba masara, masu ɗinkin buhu, masu dako. Sai dai ayyukan ba su kai na da yawa ba, na 'yan makonni ne, kuma kusan duk na maza ne. Wani abin farin ciki shi ne gangar jikin irin waɗannan injina masu walda na Funtuwa da Zariya da Kano ne ke ƙera ta, kan injin kawai ake sayowa daga waje, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da samfurin masussuka da sauran kayan aiki da suka dace da ƙaramin manomi. Duk injin da aka ƙera a gida, an bar wa maƙeri da yaran shagonsa rabonsu.

A nan ne labarin wannan yanki ya rabu da na sauran wurare, domin rashin tsaro ya shigo ya birkita lissafin. Satar shanu ta mayar da shanun huɗa abin tsoro, har ya zama ajiye bijimai biyu a gida tamkar gayyatar ɓarayin daji ne. 'Yan ƙwadagon da ke zuwa daga nesa suka rage zuwa, gonakin bakin daji suka koma saura, wanda ya yi ƙarfin halin shiga gona kuma burinsa ya gama da wuri ya fito. Feshi da tarakta da injin casa sai suka zama garkuwa, tunda suna rage sa'o'in da mutum zai yi a fili. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamban 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, aka sako 344 bayan kwana shida. Manoman yankin kuwa sun riga sun shekara da shekaru suna ɗanɗanar wannan azaba.

Shekarar 2021 ta nuna wani gefen. Gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An yi hakan ne don a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma ƙananan injinan niƙa da na ban-ruwa su ma da jarka ake kai musu mai, mai POS kuma ba sabis ba sana'a. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin niƙa da na casa da na huɗar tarakta duk suka bi ta. Inji a wannan ƙasa yana tafiya ne da ɗingishi, kuma wannan jinkiri shi ne ɗan lokacin da jama'a ke da shi na yin shiri.

Akwai kuma injin da ke nesa amma hannunsa ya iso gida. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi bayanta. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri suna cikin dalilai, haka nan atamfa mai araha daga manyan injinan ƙasar Sin. Manomin auduga na Faskari bai taɓa ganin waɗannan injina ba, amma sun taɓa kasuwarsa.

Wannan batu na masana'antu shi ne ƙashin bayan maganar. A 1900 kusan kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka a gona suke, yau ba su kai kashi 2 ba. Da injin tsinkar auduga ya bazu a kudancin ƙasar daga shekarun 1940, baƙaƙen fata masu yawa suka bar gona suka nufi Chicago da Detroit, inda masana'antu ke ɗaukar mutane. Saurayin Sabuwa da feshi ya raba da fartanya, wace masana'anta ce ke jiransa? Abin da ya saba samu shi ne ci-rani: dako, tura ruwa, gadi, yankan farce, acaba. Acabar ma Kano ta hana ɗaukar fasinja da ita a 2013, Legas ta kore ta daga manyan sassanta a 2022, mai gida a birni kuma ya fara gane cewa kyamara ba ta neman kuɗin wata. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun haura rabin miliyan, an kuwa ƙaru sosai tun daga lokacin, kuma mafi yawansu yara ne da matasa.

Hanya mafi sauƙin faɗawa ita ce wadda ba a yi komai ba. Manyan injina za su ci gaba da zuwa. Kamfanin John Deere ya nuna tarakta marar direba a farkon 2022, a ƙasar Sin jirage marasa matuƙa ne ke feshi a gonaki da yawa, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka kawo daga Belarus a watan Yunin 2025. Babbar tarakta tana son fili mai faɗi, gonar gado kuwa kowane zamani ƙara tsagewa take yi. A yankin da magidanta ke sayar da gona da araha don biyan kuɗin fansa, ba sai an yi duba ba kafin a san hannun da filayen za su tattaru. Idan kayan gwamnati suka tafi ga masu uwa a gindin murhu kaɗai, za a wayi gari masara ta yi yawa a kasuwa, ƙauye kuma ya cika da samari marasa gona marasa ƙwadago. Ba zaman banza ne ya haifi ta'addancin daji ba, sanadinsa suna da yawa, kuma mafi yawan matalautan yankin sun zaɓi yunwa a kan ɗaukar bindiga. Duk da haka, wanda ya san yadda ake samun masu kai wa 'yan bindiga rahoto da mai da burodi ba zai raina haɗarin barin dubban matasa hannu rabbana a bakin daji ba.

Wata hanyar tana nan a gabanmu, har an fara taka ta ba tare da an sa mata suna ba. Mai feshi, mai injin casa, mai cajin waya, mai haɗa sola, mai POS a bakin kasuwa, duk mutane ne da suka mallaki ƙaramin inji suna sayar da aikinsa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna yadda na'ura 'yar tafin hannu ta zama sana'ar matasa a garuruwan da ba su da reshen banki. Bangladesh ta bi wannan hanya da gangan: a ƙarshen shekarun 1980 ta sassauta dokar shigo da ƙananan injina masu arha, sai famfunan ban-ruwa da ƙananan taraktocin turawa suka cika karkara, akasarinsu a hannun ƙananan manoma da ke haya da su ga maƙwabta. A Najeriya ma kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, yana haɗa mai tarakta da manoma ta waya, wakili a ƙauye ya tara masu buƙata ya ci ladansa. A Mali kuwa, tun shekarun 1990, an gwada damƙa injin niƙa a hannun ƙungiyoyin mata, su tafiyar da shi, ribar ta zauna a wurinsu. A ganin mai wannan rubutu, nan ne mafita take ga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin inji goma a hannun mutum goma ya fi wa gari amfani a kan ƙato guda a hannun mutum ɗaya. Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba za su kasa riƙe injin niƙa ba.

Masu tunani a Turai suna kawo shawarar a riƙa ba kowa albashi ko yana aiki ko ba ya yi. Finland ta gwada a 2017 da 2018, ta ba mutum 2,000 marasa aiki yuro 560 a wata. Jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja ba ta da wannan ƙarfi. Abin da ya fi kusa da mu shi ne irin dokar da Indiya ta yi a 2005, wadda ta yi wa kowane gidan karkara alƙawarin aikin kwana 100 a shekara, kamar gyaran hanya da yashe tafki. Sannan akwai abin da addini ya riga ya wajabta: hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya cikin goma haƙƙin mabuƙata ne. Manomin da inji ya rage wa kuɗin leburori ya kuma ƙara masa buhuna, zakkarsa ta ƙaru, kuma waɗanda suka fi cancanta da ita suna nan a unguwarsu.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da karatu. Aikin da inji ke haifarwa yana son wanda zai karanta rubutun jikin kwalbar magani, ya auna lita, ya riƙe lissafin buhuna, ya gane abin da ya lalace a famfon sola. Yarinyar da injin niƙa ya 'yanta daga daka ta samu sa'o'i a kowace rana, kuma iyayenta ne za su yanke ko makaranta za ta ci waɗannan sa'o'i ko farantin talla. A yankin da tsoro ya rufe makarantu da dama, buɗe aji da tsare shi yana cikin maganar aikin yi kai tsaye. Haka nan masara da waken suya da ke fita a tirela ɗanye zuwa masana'antun abincin kaji na wasu jihohi, da farar ƙasar Ƙanƙara, duk ayyuka ne da ake lodawa a mota a kai wa wasu.

Kira ga gwamnatin Jihar Katsina da shugabannin ƙananan hukumomin uku shi ne, duk lokacin da za a sayi kayan noma, a ware kaso mai tsoka na ƙananan injina da maƙeran Funtuwa da Zariya za su iya ƙerawa da gyarawa, a ba da su bashi mai sauƙi ga ƙungiyoyin matasa ta hannun masu unguwanni da dagatai da suka san kowa. A haɗa kowane inji da horon makanike, kowane injin feshi da takalmi da takunkumi. Idan kuma aka zo rabon injinan niƙa da na casa, a fara da zawarawa da matan da 'yan bindiga suka kashe wa mazaje.